Ra'ayinmu: Dariya ma haja ce, a biya mai ita

Jama'ar kasuwa, maza da mata, da yawa daga cikinku ba ku san Mamane ba, domin da Faransanci yake wasansa. Amma ɗan ƙasar nan ne, kuma labarinsa ya shafi kasuwanninmu na Magarya da Dungas.

An haife shi a Agadas a 1966. Ya tafi Faransa a farkon shekarun 1990 don ƙaro karatun ilimin tsirrai. Al'amura suka juya, har ya zauna wani lokaci babu takardun zama, abin da duk wanda ya taɓa ci-rani ya san ɗacinsa. Maimakon ya ɓoye wannan wahala, sai ya mai da ita jari. Ya hau dandali yana ba Turawa labarin baƙon da ake tambaya takarda ko'ina ya sa ƙafa, suna dariya suna jin kunya. A 2006 aka gan shi a telebijin na Faransa cikin shirin Jamel Comedy Club. A 2009 gidan rediyon RFI ya ba shi ƴan mintoci kowace safiya.

A nan ya ƙirƙiro wata ƙasa da babu ita a taswira, Gondwana, wadda shugabanta ba ya faɗuwa zaɓe, ba ya kuskure, ba ya tsufa a kan kujera. Bai kama sunan kowa ba, amma kowane mai saurare a Afirka ya ga kamar da garinsu ake. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as.

Abin da muke so ƴan kasuwa su lura da shi shi ne abin da ya yi da ribar. Ya kafa kamfaninsa, ya buɗe bikin masu barkwanci a Abijan a 2015, ya kawo shirin majalisar dariya a tashar Canal+ tare da su Michel Gohou, ya fitar da fim a 2017. Masu ban dariya daga ƙasashe da dama sun ci abinci ta hanyarsa. Ya kai nan ne saboda ya faɗa inda ake sayen tikiti, inda gidan rediyo ke biyan mai shiri, inda masu kaya ke biyan talla.

To mu fa? Ba mu rasa masu baiwa ba. Tun kaka da kakanni muna da ƴan kama da ƴan gambara. Manya ba su manta da Yazi Dogo da ƴan wasan kwaikwayo na Damagaram ba. Wasan taubasantaka na ƙasarmu har hukumar UNESCO ta sa shi cikin gadon duniya a 2014. Yau ma a kowace tasha akwai yaron da in ya kwaikwayi dillali ko mai karɓar haraji, sai mai koko ta manta da ludayinta.

Amma me yake samu? A yi dariya, a ce Allah ya shirye ka, a watse. In ya sha wahala ya ɗauki wasa, sai a yi ta tura shi daga waya zuwa waya, shi ko dala bai gani ba. A gida kuma a ce masa maroƙi, a hana shi mata. Ƙarshenta ya tsallaka Maigatari ya nufi Kano, ko ya kama hanyar Aljeriya. Mun san hanyar nan. A watan Oktoba na 2013 mutum 92, yawancinsu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su cikin hamada. Ba kowane matafiyi ke zama Mamane ba.

Saboda haka muna kira. Alhaji mai shago, in za ka ba da tallar shinkafa ko atamfa a rediyon garinku, ka ce yaran gari su shirya ta cikin wasa, a yanka musu kuɗinsu tun kafin su buɗe baki. Tallar da ta ba mutum dariya ita ce yake tunawa ranar kasuwa. Hajiya uwar adashe, in ƙungiyarku na biki, ku gayyace su da ciniki, ba da sadaka ba. Gidajen rediyo su ma su ware musu fili da lada, ko ba yawa.

Su kuma masu wasan akwai nasu sharaɗin. A bar yi wa gurgu da makaho dariya, a bar zagin ƙabila da batsa. A taɓa mai tauye tiya, da mai ɓoye hatsi sai damina ta yi tsakiya, da mai alkawarin zaɓe. Nan dariya ke da amfani.

Ku da kuka fi kowa sanin cewa kayan da ba a saye ba a sake saro su, kada ku bari wannan haja ta ƙare a rumfarmu.