Kada ki hura wuta da jirgin yaronki

 

Yau da laifina zan fara. Wata Asabar gawayi ya ƙi kamawa, na waiga neman abin hura wuta, sai na hangi wasu karare a bayan randa an ɗaɗɗaure su da zare. Ban yi wata-wata ba na kakkarya na cusa a murhu. Da ɗana na biyu ya dawo daga islamiyya, bayan randar ya nufa kai tsaye. Ya duba, ya kalli murhu, ya kalle ni. Bai yi kuka ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Umma, saura wutsiya fa." Kwana tara yana haɗa jirgin sama, ni kuma na dafa shayi da shi.

Kunyar ranar ce ta sa na zauna na nemi sanin abin da yaron nan yake yi. Abin da na samo shi na kawo miki, don na san a gidanki ma akwai mai tara tarkace a ƙarƙashin gado.

Ashe a Amurka da Ingila ba wasan yara kaɗai ba ne. Dattawa masu furfura suna ƙera ƙananan jirage, suna da ƙungiyoyi, har gasa suke yi. Da yawansu a filin bayan gidajensu suke tashin jiragen (kada ki yi dariya, ba wancan bayan gidan nake nufi ba). Katakon da suka fi aiki da shi sunansa balsa. Itace ne na yankin Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, kuma mafi yawan wanda ake sayarwa a duniya daga ƙasar Ekwado yake fitowa. Dangin rimi da kuka ne, har 'ya'yansa suna fitar da auduga irin ta rimi. Yana tsaye cike yake da ruwa. Idan aka sare aka busar, gurbin ruwan sai ya zama iska, shi ya sa ba shi da nauyi amma ga ƙwari. A yaƙin duniya na biyu Ingila ta ƙera jirgin yaƙi mai suna Mosquito da balsa a tsakiyar katakon jikinsa.

Ba kasafai ake samun balsa a kasuwanninmu ba, kuma kada wannan ya dame ki. Yaranmu sun riga mu gano madadinsa. Totuwar karan dawa da cikin gwangwala duk wannan halin gare su na rashin nauyi da sauƙin yanka, ɓawon karan kuma shi ne ƙusarsu. Fiffike kuwa, farin kwanon nan mai kama da soso da ake zuba shinkafar biki a ciki, in an wanke an yanke shimfiɗaɗɗen wurin, yana aiki sosai.

Kafin in gaya miki yadda ake gyara jirgin, bari ki ji labarin wata uwa. A 1878 wani limamin coci a Amurka, Milton Wright, ya kawo wa 'ya'yansa tsarabar ɗan jirgi mai saukar ungulu, na takarda da gora, roba ce ke juya shi. Wilbur yana da shekara 11, Orville 7. Suka yi ta wasa da shi har ya karye, sai suka shiga ƙera nasu. Uban ba ya da hannun gyara. Uwarsu Susan ita ce ta tashi a wurin aikin mahaifinta, maƙerin keken doki, ita ke ƙera wa yaran kayan wasa, kuma wurinta suke zuwa in abu ya cije musu. Ta rasu a 1889. Sai ranar 17 ga Disamba 1903 jirgin 'ya'yanta mai inji ya tashi da mutum a ciki, daƙiƙa 12, tazarar kusan mita 37. Shekara 22 bayan haka, a 1925, jirgi ya fara sauka a Kano. Ita dai ba ta ga ko ɗaya ba. Abin da ta gani shi ne ɓarnar takarda da karyayyun sanduna a tsakar ɗaki.

Ban ce ɗanki zai zama Wright ba. Nawa ma yanzu cewa yake direban tirela zai zama. Abin da na lura da shi dai, jirgin nan ba ya karɓar ƙarya ko lallashi. In an yi daidai ya tashi, in an yi ha'inci ya kifa, kuma yadda ya faɗi shi ke faɗin abin da ke damunsa. Yaron da ya koyi kallon faɗuwa ya tambayi dalili, maimakon ya tattake abin ya tafi, ya samu abin da makaranta ke shan wahalar koyarwa.

A fara da wanda ba inji, na cillawa da hannu. Fiffike ya kai tsawon rular makaranta, santimita 30, faɗinsa kamar 6. Gangar jiki ita ma kusan tsawon haka, da ƙaramar wutsiya a kwance da wata a tsaye. In an gama, ki ce ya sa yatsu biyu a ƙarƙashin fukafukan, wajen kashi ɗaya cikin uku daga bakin gaba, ya ɗaga. Jirgin ya kamata ya tsaya a miƙe, ko ya ɗan sunkuyar da hanci. Kusan kullum na farko baya yake rinjaya, don haka sai an liƙa wa hancin ɗan nauyi. Cingam ko ɗan curin yumɓu ya wadatar. Ban da ƙusa, ban da allura, akwai idon ƙannensa a tsakar gidan.

Cillawar ma sai an koya. Yaro zai so ya wurga kamar mai jifan mangwaro. A'a. Turawa ake yi a hankali, hanci ya ɗan kalli ƙasa, ana fuskantar inda iska ke tahowa. Da sassafe ko la'asar sakaliya, lokacin da ganye ba ya motsi, ya fi. Ranar da iskar hunturu ke kaɗawa ko hadari ya taso, a bar shi a ɗaki.

Sai kallo. In jirgin ya ɗaga hanci sama, ya tsaya cak, ya faɗo, ya sake ɗagawa kamar mai shaƙuwa, baya ya fi nauyi, a ƙara cingam. In ya nufi ƙasa kai tsaye, hanci ya yi nauyi da yawa, a rage, ko a ɗan lanƙwasa bakin bayan wutsiyar da ke kwance sama kaɗan. In kuma yana mirginawa gefe, ki tuna yadda ungulu ke shawagi, ƙarshen fukafukanta a ɗage sama da kafaɗa. Haka ake ɗaga na jirgin, shi ke sa ya miƙe da kansa in ya karkata. Wanda ke juyawa ɓangare ɗaya kullum, a riƙe shi a gaban fuska a rufe ido ɗaya a duba, galibi fiffike ɗaya ne ya murɗe. Kuma gyara ɗaya ake yi a sake gwadawa. In ya taɓa wuri uku lokaci guda, ko jirgin ya tashi ba zai san wanne ya yi magani ba.

Nan ne wurin da na fi shan wahala: riƙe hannuna. Kina kallo kin ga matsalar, baki yana ƙaiƙayi. Ki daure ki tsaya a tambaya. "Me ya yi kafin ya faɗi?" "Ina ka ga ya fi nauyi?" In kika karɓa kika gyara, jirgin ya zama naki.

Da ya fara tashi zai ce babba yake so. Ki bar shi ya gwada, amma ki san abin da zai faru, don 'yan gidan Wright ma sun sha mamakin ganin manyan da suka ƙera ba sa tashi kamar ƙaramin. In aka ninka komai sau biyu, faɗin fiffike sau huɗu yake ƙaruwa, nauyi kuwa sau takwas. Bayan nan sai mai farfela, wadda ake murɗa wa robar ɗaure kuɗi. Tsohuwar dabara ce. Tun 1871 wani Bafaranshe, Alphonse Pénaud, ya tashi irinsa a birnin Faris, ya yi mita 40 cikin daƙiƙa 11.

Inda ba na sassauci shi ne reza. Sabuwa, daga hannunki, a gabanki, a kan katako, kuma yankan ya nufi waje, ba jikinsa ba. Tsintacciyar reza ta bola ba ta shigo mini gida. Gam ɗin nan mai kamawa nan take yana haɗe yatsu, yana da haɗari ga ido, kuma yana cinye farin soson. Farin gam na kafinta ya fi, ko da yake sai an jira ya bushe. Ki rufe rijiya. Ki kafa doka tun ranar farko: jirgin da ya hau rufin kwano ko ya maƙale a wayar lantarki, ba mai binsa. Wanda ya faɗa gidan maƙwabta, ta ƙofa ake zuwa a yi sallama, ba ta katanga ba.

Kuma don Allah kada ki kori 'yan matan zuwa wanke-wanke daidai lokacin da za a gwada. A gidana ƙanwar ce ke fara hango fiffiken da ya murɗe. Makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, maza da mata take ɗauka.

Ni na biya bashina da damin kara guda da sabuwar reza. Jirgi na biyu ya faɗi sau ba adadi. Ranar da ya miƙe, ya tashi daga bakin zaure, ya bi ta kan igiyar shanya, ya sauka a tsakiyar kaji suka watse. Yanzu yana rataye a ƙusa a ɗakina, nesa da murhu.

In naki ya ƙera, ki gaya mana a ƙasa yadda nasa ya faɗi, mu taya shi neman dalili. Sai mun haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.