Takardar CAC ba ta tsare maka sunan kayanka

Jama'a, akwai kuskuren da 'yan kasuwarmu ke yawan yi. Mutum ya yi rajista da CAC, sai ya ɗauka shi ke nan, sunan kayansa ya zama nasa. Wallahi ba haka ba ne.

Wata 'yar'uwata ta shekara huɗu tana sayar da yaji da sunanta da tambarinta. Watan jiya ta ga robar wani a kanti, suna ɗaya, kala ɗaya. Da ta je wurin lauya, tambayarsa ta farko ita ce: "Hajiya, kin yi rajistar tambarin?" Ta ce tsada ce ta hana ta.

Gaskiya akwai tsada. Ofishin yana Abuja, ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu, kasuwanci da zuba jari. Akwai kuɗin bincike, na shigar da takarda, na shaida, ga na lauya. Kuma rukuni 45 aka kasa kaya da ayyuka. In kana yaji kana sabulu, biya biyu ne. Rajistar farko shekara 7 take, daga nan sai sabuntawa duk shekara 14.

Amma fa ku lissafa kuɗin sake buga leda, da masu sayen da za su bi mai kwaikwayo. Wanne ya fi ciwo?

Ni dai a ganina, da kaya sun fara karɓuwa, a ware kuɗin nan kafin na talla. Ita kuma SMEDAN ta rage wa masu ƙaramin jari nauyin.

Wa ya taɓa yi a cikinku? Nawa ya kashe?