Madagaskar: wace gaɓa ta fi sa'a?

Madagaskar tsibiri ne babba cikin tekun Indiya, wajen kilomita 400 daga gaɓar Afirka. Ta samu mulkin kai a shekarar 1960, shekara ɗaya da Nijar. Tsawonta daga arewa zuwa kudu ya kusa kilomita 1600. Duwatsu da tuddai sun bi tsakiyarta kamar ƙashin baya, sun raba ta biyu.

Iska tana tasowa daga teku ta gabas, ɗauke da laima. In ta iske duwatsun sai ta hau, ta yi sanyi, ta zubar da ruwanta nan. Kafin ta gangara yamma ta bushe. Saboda haka birnin Toamasina, a gaɓar gabas, yana samun ruwan sama fiye da milimita 3000 a shekara. Toliara kuwa, a kudu maso yamma, ba ta cika samun 400 ba, kamar dai Tawa.

Ɗan makarantar da ya ga waɗannan lambobi biyu zai ce mutanen gabas sun fi sa'a. Ya yi gaggawar yanke hukunci.

Gaskiya ne gabas kore take shar duk shekara. Mutanenta, waɗanda mafi yawansu Betsimisaraka ne, suna noman shinkafa da ayaba da kanumfari. Suna ɗora ɗakunansu bisa turaku don kada laima ta ci su. A wajen Sambava da Antalaha suna noman banila, wani tsiro mai yaɗo, mai ƙamshi, da ake sa wa alewa da biskiti. Babu ƙasar da ta kai Madagaskar sayar da ita a duniya. Amma aikinta akwai wuya. Sai ta yi kamar shekara uku kafin ta yi fure. Kowane fure kuma sai mutum ya bi shi da hannu, ya haɗa masa garinsa da ɗan tsinke, ɗaya bayan ɗaya. In ta fara nuna, manomi ya kan kwana a gona don tsoron ɓarayi.

Bayan wannan wahala duka, tekun da ya ba da ruwa shi ne yake aiko da guguwa. A watan Maris na 2017 guguwar Enawo ta faɗa wa yankin Antalaha, ta kwantar da gonaki. A shekarar nan kilo ɗaya na banila ya kai kimanin dalar Amurka 600, sai dai wanda iska ta share gonarsa bai ga komi ba cikin wannan kuɗi. Daga baya farashin ya faɗi warwas. A watan Fabrairu na 2022 guguwar Batsirai ta rushe mafi yawan gidajen Mananjary. Ko shekarar da babu guguwa, inda aka ƙone daji bisa tudu don shuka shinkafa, ruwa yana wanke ƙasar noma ya kai ta gulbi.

Yamma fili ne mai faɗi, mai ciyawa. Tana da damana da rani mai tsawo. Kusa da Morondava akwai kukoki dogaye, miƙaƙƙu, sun yi jeri bakin hanya. Irin kuka shida ba su tsirowa ko'ina a duniya sai a wannan tsibiri. Sakalava makiyaya ne, shanunsu masu tozo, kuma da garke ake auna darajar mutum. Ana yanka sa ranar aure da ranar jana'iza. Bakin teku akwai masunta Vezo da ƙananan jiragensu masu tafiya da iska. Tun zamanin da jiragen Larabawa da na mutanen Komoro suke zuwa fatauci wannan gefe, shi ya sa akwai masallatai da yawa a Mahajanga. Makiyayi yana da abin da mai banila ba shi da shi: in ciyawa ta ƙare nan, dukiyarsa tana tafiya da ƙafarta zuwa wani wuri.

Wannan ba ya nufin ƙasa mai fari ba ta da nata kuka. Ɓarayin shanu, da ake kira dahalo, suna kore garke sukutum cikin dare ɗaya. A 2021, bayan damana ta yi gardama shekaru a jere, mutum fiye da miliyan ɗaya a kudancin tsibirin suka rasa abinci. Mutanen kudu da yawa sun yi ƙaura zuwa wajen Morondava, suna sare daji suna shuka masara da gujiya. Gonar takan yi kyau ƴan shekaru kaɗan, sannan ta gaji, a matsa gaba a sare wani dajin.