Ku Juya Kamara Wajen Wanda Ya Sha Ƙasa

Ƴan uwa ɗalibai, ƙorafi gare ni, kuma wani tsohon fim na Japan ne ya tayar mini da shi. A hutun da ya wuce na kalli Tokyo Olympiad a wayar wani abokina a Madawa. Kon Ichikawa ne ya shirya shi a kan wasannin Olamfik na Tokiyo na 1964, ya fito a 1965.

Hukuma ta so a nuna mata tutoci da lambobin zinariya. Ichikawa ya nuna su, amma bai tsaya nan ba. Ya bi Ahmed Issa, ɗan tseren mita 800 daga Cadi, wanda bai kai zagayen ƙarshe ba, har wurin da yake cin abinci shi kaɗai. Ya tsaya kan Karunananda na Silon, wanda ya zo na ƙarshe a mita 10,000, yana ta gudu bayan kowa ya gama, har jama'a suka ɗauki tafi. Minista Ichiro Kono ya kushe fim ɗin. To yau ina ministan? Fim na nan, ana kallo.

Mu dawo gida. Bayan girbi na je kokowa a wani ƙauye kusa da Buza. An ɗauko mai kamara, an biya shi. Da bidiyon ya fito, wallahi rabinsa rumfar manya ce: babbar riga, gaisuwa, jawabi. Yayana ya yi wata biyu yana shiri, aka kada shi cikin minti ɗaya. Ya tashi, ya kakkaɓe ƙasa, ya rungumi wanda ya kada shi. Wannan ba a ɗauka ba. Mi ya sa? Don ba shi da abin liƙi.

Wani zai ce, ai mai takobi ake zuwa gani. Na ji. Amma tun da aka fara gasar takobin ƙasa a Tawa a 1975, ƴan kokowa nawa daga Kaita, Buza da Madawa suka faɗi a zagayen farko? In babu su, da wa sarkin zai kama? Kuma kar ku manta, a Tokiyon nan Nijar ta fara shiga Olamfik, da ɗan dambe Isaka Dabore. Hannu biyu ya dawo. Shekara 8 bayan haka, a Munik a 1972, shi ya kawo mana lambar tagulla. Wanda ya faɗi bana, ba ka san mi zai zama ba.

Ichikawa ya yi aiki da masu kamara fiye da 100. Mu a aji guda wayoyi nawa gare mu? In kaka ta yi aka buga gangar kokowa, ku bar rumfa ga masu rumfa. Ku ɗauki makaɗi, ku ɗauki uwar da ta rufe ido, ku ɗauki wanda ya sha ƙasa, ku tambaye shi sunansa da garinsu.