Albashin mai tsaron injin roba: hangen Dala ba shiga birni ba ne

Jama'a, da zarar an ɗaure damman hatsi an kai rumbu, tashoshin mota na Madawa da Buza da Keita sai su cika da samari masu jakar tafiya. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Kakanninmu sun yi cin rani, iyayenmu ma sun yi. Abin da ya sake shi ne irin aikin da ake zuwa biɗa. Ban da dako da ga-ruwa da sayar da shayi, yanzu akwai masu tafiya da niyyar shiga kamfanin roba a Kano, ko Legas, ko Abijan, domin sun ji an ce a can albashi ake biya kowane ƙarshen wata. Mun ga ya dace mu zauna da masu karatunmu mu yi lissafin wannan albashi, tun kafin wani ya sayar da akuyar mahaifiyarsa ya yi kuɗin mota.

Da farko mu san aikin kansa. Bokiti da robar wanki da kofi da kujerar roba da muke saye a kasuwannin Tunfafi da Tamaske da Bangi, duk zubinsu ake yi, kamar yadda maƙeri ke narka ƙarfe ya zuba tukunya. Roba tana zuwa cikin buhu, ƙwaya-ƙwaya kamar shinkafa. A zuba ta cikin mazurari a bisa injin, ta gangara cikin wani bututu mai zafin da yakan kai ma'auni 200 ko ya haura, alhali ruwa a ma'auni 100 yake tafasa. In ta narke, injin ya tura ta da ƙarfi cikin mazubi na ƙarfe mai siffar abin da ake so. Ruwan sanyi ya zagaya mazubin, roba ta daskare, mazubi ya buɗe, bokiti ya fito. Duk wannan cikin daƙiƙoƙi ne, ko minti guda, sannan injin ya sake komawa farko, dare da rana.

To, mene ne aikin sabon shiga a nan? Ya ɗauko buhu ya cika mazurari, ya cire kaya in mazubi ya buɗe, ya sa wuƙa ya kankare ɓarɓashin da ya fito a gefe, ya jera, ya ƙidaya, ya kai waɗanda suka lalace wurin injin niƙa domin a sake narka su. Aiki ne mai gajiya, a tsaye, cikin zafi da ƙara. Amma yaro mai hankali yakan iya shi cikin ƴan kwanaki. Nan ne asirin ƙarancin albashinsa yake. Abin da kowa zai iya koya cikin mako guda, mai kamfani ba ya biyansa da tsada, domin in wannan ya tafi yau, gobe da safe akwai wasu tsaye a bakin ƙofa. Saboda haka sabon shiga yakan fara ne daga matakin ƙasa na albashi, a ko'ina cikin duniya.

Matakin ƙasa kuwa a ƙasashe da yawa doka ce ke tsaida shi, kowace da nata. A Nijar, a shekarar 2012 an tsaida mafi ƙarancin albashi a kan Sefa 30,047 a wata, wato jika 30 da ƴan kai, bisa aikin awa 40 a mako. In an raba, awa guda ta tashi tamma 173, ba ta cika dala 35 ba. Daga baya aka amince a ɗaga shi zuwa jika 42. A Kodibuwa, inda samarin Adar suka daɗe suna zuwa, an ɗaga shi daga jika 60 zuwa jika 75 a watan Janairun 2023. A Najeriya kuma an ɗaga shi daga naira 30,000 zuwa naira 70,000 a watan Yulin 2024.

Ku duba da kyau, ƴan uwa. Wanda ya ji 75,000 a Abijan, ya ji 70,000 a Kano, zai zaci kuɗin kusan ɗaya ne. Ba haka ba ne. A farkon 2023 dalar Amurka guda tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A cikin 2024 ta haura naira 1,500. Sefa kuwa ɗaure take da kuɗin Turai, ba ta yi irin wannan faɗuwa ba. Sakamakon haka, a ƙarshen 2024 wanda ya kai naira 70,000 wurin ɗan canji ba ya samun jika 30. Wato albashin da aka tsallake iyaka dominsa, in ya zo gida, bai kai wanda dokarmu ta tsaida tun 2012 ba. Kuma dokar Najeriya ba ta tilasta wa mai ma'aikata ƙasa da 25 ya biya wannan adadi, ba ta kuma shafi wanda ake biya gwargwadon yawan kayan da ya fitar.

Sai maganar awoyi. A kamfanoni da dama injin ba ya tsayawa, ma'aikata kashi biyu ne, na rana da na dare, kowane kashi awa 12. Mu ɗauka mutum ya samu naira 70,000 cif, ya yi kwana 26 a wata. Yininsa ya tashi wajen naira 2,700, awarsa guda kuwa wajen naira 225. A watan Afrilun 2024, a Najeriya, farashin kilowat guda na wutar lantarki ga masu samun wuta mafi yawa naira 225 aka mai da shi. Injin kuma kilowat da yawa yake sha a kowace awa. Wannan ya nuna mana inda kuɗin mai kamfani ke tafiya: ga wuta, ga man janareta, ga buhunan roba, ga mazubi mai tsada. Ba shi da ikon rage farashin ko ɗaya daga cikinsu. Abin da yake iya matsewa shi ne ladan lebura, kuma shi yake matsewa.

Daga cikin wannan albashi ne za a fitar da hayar ɗaki, da abinci sau biyu ko uku, da kuɗin mota zuwa Sharaɗa ko Challawa ko Bompai, da sabulu, da magani in zazzaɓi ya zo. Abin da ya rage shi ne gaskiyar albashi, shi ne zai isa Buza ya zama buhun hatsi. Wannan ragowa ce ya kamata matashi ya auna da abin da zai samu in ya tsaya noman albasa a fadamun Tarka da Maggiya, ko da a matsayin ɗan ƙwadago ne, yana kwana gidan ubansa, yana cin tuwon gida.

Akwai kuma wani abu da masu ba da labari ba su faɗi. Cin rani an gina shi ne bisa dawowa: ruwan farko ya sauka, kowa ya nufo gona. Kamfani kuwa bai san damina ba. Wanda ya ajiye aiki a watan Yuni, in ya komo a watan Nuwamba zai tarar da wani a gurbinsa, sai ya sake farawa a matsayin sabon shiga. Mutum na iya yin rani biyar yana tsaron injin, albashinsa na nan inda ya fara.

Ba muna cewa sana'ar roba ba ta da gaba ba ne. Tana da ita, amma ba a hannun mai kwashe bokiti take ba. Tana hannun mai saita injin, wanda ya san yadda ake ɗora mazubi, ya daidaita zafi da ƙarfin turawa da lokacin sanyaya, ya kuma gane dalili in kaya suka fara fitowa a ƙone ko ba su cika ba. Tana hannun mai gyaran lantarki da mai gyaran bututun mai, da kuma wanda ke gyara mazubi in ya ci. In ɗayan waɗannan bai zo aiki ba, injin ya tsaya, kamfani ya yi hasara, shi ya sa ake biyansu sama da lebura, ake kuma lallashinsu kada su tafi. Ko a Faransa, inda mafi ƙarancin albashi ya kai Yuro 1,801 a wata a Nuwamban 2024 kafin a cire kuɗin asusu, mai tsaron injin kusa da nan yake farawa, mai saitawa ne ke wuce shi.

Matakalar hawa daga wannan mataki zuwa wancan ita ce karatu da lissafi. Injin na zamani da allo yake magana, da lambobi. Wanda ya iya karanta lamba, ya rubuta abin da ya gani cikin littafin aiki, ya lissafa kaya nawa suka fita, nawa suka lalace, shi mai saitawa zai jawo kusa ya koya masa. Ku da kuka fito ajin yaƙi da jahilci, kada ku raina abin da ke hannunku. Ko da da Hausa kuka koyi karatu, lamba ɗaya ce a kowane harshe.

Karatun nan shi ne kuma garkuwar ma'aikaci. Mazubi yana rufewa da ƙarfin tan masu yawa. Hannun da ya shiga ciki ba ya fitowa yadda ya shiga. Kowane injin yana da ƙofar kariya da ke hana shi rufewa in tana buɗe, kuma wanda ya yarda aka kashe wannan kariya domin a yi sauri, ya sayar da yatsunsa ne a banza. A watan Satumban 2002 gobara ta tashi da dare a wani kamfanin roba a Ikorodu, kusa da Legas, gomman ma'aikata suka rasu, aka kuma ba da labarin cewa ƙofofi a kulle suke. Don haka kafin ka fara aiki ka tambaya: wa ya ɗauke ni, kamfani ko ɗan kwangila? Nawa ne a wata, awa nawa a yini? Ana biyan awoyin ƙari? In na ji rauni wa zai biya asibiti? Dokar Najeriya ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya cika wata uku. A Nijar wajibi ne mai aiki ya rubuta sunan ma'aikacinsa a asusun CNSS, kuma akwai sufeton ƙwadago da ake kai wa kuka.

Ga mahukunta na gundumominmu uku da magadan gari, kiranmu shi ne wannan. Cibiyoyin koyon sana'a da ke garuruwanmu su ƙara ƙarfi wajen koyar da lantarki da kanikanci da aikin ƙarfe, domin yaron da ya fita da wannan sani ba daga kwasar bokiti zai fara ba, kuma sanin nan zai yi masa amfani a gida, wurin gyaran injin ban ruwa da injin niƙa da famfon hasken rana. Malaman yaƙi da jahilci su mai da lissafin albashi da canjin kuɗi darasi a cikin aji. Gidajen rediyon karkara su gayyato waɗanda suka yi aikin suka dawo, su faɗi abin da suka karɓa da abin da suka kawo gida, tun kafin kaka ta ƙare, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Kai kuma matashi, in ka yi lissafi ka ga tafiya ce ta fi, to tafi da takardunka na shaida, da niyyar zama shekara biyu ko uku a wuri guda, idonka a kan hannun mai saita injin. In kuwa rani guda kawai za ka yi, sani cewa abin da za ka samu ladan lebura ne, ka auna shi da kadadar albasa kafin ka hau mota.