Wayar da ba ta san marina ba

Jiya wani ɗan adaidaita ya yi mini kwatancen Kasuwar Kurmi daga Ƙofar Mata, ko sunan titi ɗaya bai kama ba. "Alhaji, ka ba marina baya, ka miƙe har ka hango Babban Masallaci, can sai ka tambayi mai shayi." Na kuwa isa.

Ƙwaƙwalwa da alamomi take riƙe hanya, kuma yawan bi ke ƙarfafa ta. A 2000 mai bincike Eleanor Maguire ta gano cewa wani sashen ƙwaƙwalwa mai adana wurare ya fi girma wurin direbobin tasin Landan. Manhajar taswira ta waya kuwa sai ta ce mini "nufi arewa mita 300". Wa ke auna mita cikin lungu? Masu ƙera manhajar nan su zo su zauna da ’yan adaidaita tukuna.