Zaman Baƙunci A Bazara: Darasi Daga Kashin Zama

  

A makon nan za mu tattauna kan abin da ke jiran da yawa daga cikinku nan ba da daɗewa ba, wato zama a garin da ba naku ba. Wani jami'a ce za ta kai shi, wani kwalejin ilimi, wani kuma sai ya gama digiri a tura shi hidimar ƙasa ƙauyen da bai taɓa jin sunansa ba. Tun 1973 da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa hukumar NYSC ake wannan turi. A Jihar Kebbi, bayan mako uku a sansanin Dakingari, sai a rarraba matasan zuwa makarantu da asibitocin garuruwa da ƙauyuka.

Mu da muke karatu a jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha da ke Aliero, wadda aka kafa a 2006, da yawanmu ba 'yan nan ba ne. Akwai na Zuru da Yawuri, akwai na Kano da Zariya, har da na Kudu. In aka yi gajeren hutu kuɗin mota bai isa ya kai mu gida ba, mukan bi abokan karatunmu zuwa garuruwansu na kusa, irin su Kashin Zama da Sabiyal da Danwarai. A irin wannan zama muka gane cewa kalmar “baƙo” tana da fuska biyu. Akwai baƙon da ake yi wa shimfiɗa a kawo masa ruwa, akwai kuma baƙon da ba wanda ya san shi. Wanne za ka zama? Yawanci halinka ne ke yanke wannan hukunci, kuma bazara ce ke gwada shi.

Abu na farko da za ka koya shi ne agogon gari. A watan Afrilu zafi a wannan yanki yakan wuce digiri 40, don haka rana ce ke raba wa mutane aiki. Da an sallame Asuba gari ya tashi. Masu fadama sun kama hanya, ana jin ƙarar injin ban-ruwa daga nesa, yara sun yi layi da jarkoki a bakin rijiyar burtsatse. Duk wani aiki mai nauyi, ɗibar ruwa ne, wanki ne, tafiya kasuwar Jega ce, kafin hantsi ya dubi ludayi ake son a ci ƙarfinsa. Daga Azahar zuwa La'asar kuwa sai gari ya yi tsit. Dattawa suna ƙarƙashin darbejiya ko cikin zaure, awaki sun laɓe a jikin katanga, ko kaji ba sa yawo. Sai an yi La'asar rai ya dawo: samari su fita ƙwallo, masu shayi su hura wuta, mai tsire ya kafa tukuba. Bayan Isha'i a fito da tabarmi tsakar gida, domin ɗakin kwano ya sha rana wuni guda, ba ya kwantuwa sai dare ya raba.

Ɗalibin da ya zo da agogon birni, mai kwana har ƙarfe tara, shi ne za ka gani da tsakar rana yana jan jarka shi kaɗai, ya dawo da ciwon kai. Mu kanmu karatu mun mayar da shi bayan Asuba da kuma bayan Isha'i. Waya kuwa, in babu wuta, a kai ta wurin mai caji tun da safe. Ruwan randa da aka rufe ya fi na leda da ya sha rana sanyi, kuma fura da nono da rana ta fi abinci mai maiƙo sauƙi a ciki.

Kada ku ɗauka wannan tsari na ƙauyawa ne kawai. A ƙasar Girka, can Turai, doka ce ta ware lokacin shiru da rana: daga Afrilu zuwa Satumba, tsakanin ƙarfe 3:00 da 5:30 na yamma, ba a yarda ka tada hayaniyar da za ta hana maƙwabci hutawa ba. A ƙauyukan tsibiransu ana shafe gidaje da farar ƙasa don bango ya rage ɗaukar zafi, shaguna da yawa su rufe da rana, mutane su fito hira da dare. Mutanen Ingila da Jamus da suke komawa can da zama dole su bi wannan tsari in suna son zaman lafiya da 'yan gari. Wani abin sha'awa, a tsohon Girkanci ma kalma ɗaya ce, “ksenos”, take nufin baƙon da ake karramawa da baƙon da ba a sani ba, daidai da tamu.

Abu na biyu shi ne gaisuwa. A ƙauye ba a wuce majalisa a yi shiru, ko da sau biyar ka bi ta wurin a rana. Ka rage sauri, ka cire abin kunne na waya, ka yi sallama, ka rusuna wa dattijo: “Baba, ina wuni? Ina gajiya?” A bazara kuwa akwai gaisuwar da ba ta wucewa. Za ka ji an ce maka “Ina zahi?” amsar ita ce “Lokacinai na.” Hausar wannan yanki ta Sakkwatanci ce. Za ka ji “shina” a maimakon “yana”, “mi” a maimakon “me”, “tahi” a maimakon “tafi”, “hulla” da “kassuwa” a maimakon hula da kasuwa. Wanda ya zo daga Kano ko Zariya kada ya yi dariya, kada kuma ya kwaikwaya don ba'a. Wannan ƙasar Masarautar Gwandu ce, ƙasar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, mutanenta suna da tarihin ilimi da suke alfahari da shi. Ka saurara kawai, cikin mako biyu kunnenka zai saba.

In zaman zai ɗan daɗe, ka roƙi mai masaukinka ya kai ka ka gaida mai unguwa da limamin masallacin da kake salla. Minti goma ne, amma daga ranar an san ɗan gidan wane ne kai. 'Yan mata kuma ku shiga cikin gida ku gaida su Inna, ku zauna a kan tabarmarsu, ku kama musu tsinken zogale ko tankaɗe. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma ba mai gida kaɗai ake nema da ita ba, har da baƙo.

Abu na uku, ka san abin da gari yake ci da shi. Aliero da kewayenta sun yi suna a Nijeriya da noman albasa, kamar yadda garin ya yi suna da masu ɗorin karaya. Albasar rani ana cire ta ne daidai lokacin da zafi ke kankama. Manomin da ya sayar nan take yakan sayar da araha, saboda kasuwa ta cika. Mai hali sai ya zuba tasa a rudu, wato rumbun kara da ake ɗagawa daga ƙasa don iska ta riƙa ratsawa, ya jira farashi ya tashi. Amma jiran ma caca ne, domin zafi da laima suna ruɓar da wani kaso kafin lokacin sayarwa. Wannan lissafi shi ne hirar majalisa a bazara. Baƙon da ya iya tambaya “Baba, nawa buhu ya yi a makon nan?” ya samu abokin hira. Wanda ya tuɓe takalmi ya taya tsintar ruɓaɓɓu daga masu kyau, ya samu gida. Mu masu karanta aikin gona da injiniyanci kuwa, a nan muke ganin matsalar da ke jiran iliminmu.

Me ya sa muka dage a kan waɗannan? Saboda bazara a yankinmu lokacin sanƙarau ne. A watan Maris na 2025 gwamnatin Jihar Kebbi ta sanar da mutuwar mutum 26 da ake zargin cutar ce ta kashe su, mafi yawansu a ƙananan hukumomin Gwandu da Jega da Aliero. Ƙura da busasshiyar iska suna raunana cikin hanci da maƙogwaro, ƙwayar cutar kuma tana yaɗuwa ta tari da atishawa, musamman inda mutane da yawa suke kwana a ɗaki ɗaya ba taga. Ɗakunan ɗalibai kenan. Alamominta su ne zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, sanƙarewar wuya, amai, ƙin haske da ruɗewa. Tana iya kisa cikin kwana ɗaya. Wanda aka gani da waɗannan alamu, asibiti za a kai shi nan take, kada a tsaya sayen ƙwayoyi a kemis ana jiran gobe. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar Men5CV mai kariya daga nau'i biyar na ƙwayar cutar. Duk ranar da masu allura suka zo makarantarku, ku miƙa hannu.

To ku duba. Ɗalibin da zazzaɓi ya kwantar da tsakar dare, iyayensa suna Kano ko Zuru, wa zai kai shi asibiti? Maƙwabcin da ya lura bai fito Asuba ba ne zai buga ƙofarsa. Mai babur ɗin da yake gaisarwa kullum ne zai tada mashin ba tare da ciniki ba. Wanda ya kulle kansa a ɗaki da waya, bai san sunan kowa ba, yana iya kwana biyu a kwance ba a ankara ba. Gaisuwar da wasu ke gani ɓata lokaci ce, ita ce take sa a nemi mutum in ba a gan shi ba.

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Gaskiya ne, wata rana za mu ɗauki takardunmu mu tafi, masu gari su ci gaba da nomansu. Amma kafin ranar, ku fara gwaji tun daga makarantarku. Akwai sabon ɗalibin da aka yi wa canji daga wani gari, akwai malamar hidimar ƙasa da ta zo daga Kudu ba ta jin Hausa, tana fama da zafin da ba ta saba da shi ba. Ku gaishe ta, ku nuna mata inda ake samun ruwa mai kyau, ku faɗa mata lokacin da ba a fita rana. Gobe ku ne a garin wasu.

Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A sha ruwa da yawa, a bar taga a buɗe.